Direban Da Ke Cire Giya a Gangara

Ina shanya wanki a tsakar gida ranar da labarin ya iso ni. Ƙanena ne ya shigo, sallamarsa ƙasa-ƙasa, ya tsaya jikin ƙofa yana juya waya a hannu. Na ce, "Kawun yara, lafiya?" Ya ce, "Yaya, zauna tukuna." Ban zauna ba. Wanda aka ce ya zauna da rana tsaka ba alheri aka kawo masa ba. Na ce, "Auta ne?" Sai ya sunkuyar da kai.

Ya ku 'ya'yana masu shirin koyon tuƙin babbar mota, ni ba malama ba ce. Abin da ya same ni zan faɗa muku, ku riƙe ko ku yar.

An yi wani direba, yana nan da ransa, ba zan kama sunansa ba. A tasha ana yi masa kirari da Sarkin Gangara. Mutum ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ranar da kawun ya kawo shi gidanmu don ya karɓi ɗana Auta ya zama yaron motarsa, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce, "Inna, wallahi ɗanki ɗana ne, ki sa ranki a inuwa." Ina kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa. Tun daga nan raina bai kwanta ba. Me zai sa babban mutum ya yi ta rantsuwa alhali ba wanda ya tuhume shi?

Auta ya fara bin mota. Ya koyi ɗaure kaya, da duba taya, da sa katako a bayan ƙafa in an tsaya. Daga baya aka fara sakar masa sitiyari. In ya dawo gida sai ya zauna a tabarma ya ɗauki faifai yana juyawa, yana nuna mini yadda ake shan kwana, ƙannen babansa suna yi masa dariya.

Wata rana ya sha ruwa ya ajiye kofi. Na ɗauka zan wanke, sai na ji warin man gas a bakin kofin. Wari a riga na sani, wari a hannu na sani. Amma mai ba ya shiga baki sai an zuƙa. Na tsare shi. Ya ce, "Inna, ke kam ko kaza ta yi tari sai kin ce da dalili." Na ce, "Ai da dalilin. Faɗa mini."

Sai ya faɗa. In sun iso kan gangara, ubangidan nasa cire giya yake yi ya saki motar ta tafi da nauyinta, inji ya yi shiru, ba ya shan mai. In sun sauka, sai a ba Auta tiyo ya zuƙo abin da aka rage a tanki, a zuba a jarka a sayar. Mai motar bai sani ba. Na ce, "To me ke riƙe motar?" Ya ce birki. Na ce, "In birkin ya gaji fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ogana ya shekara ashirin yana yi."

Na kai ƙara wurin kawunsa. Ya ce wai mu mata ba ma rabuwa da zargi, a bar yaro ya samu lasin tukuna, saura kaɗan.

Ya 'yan uwa, sata ba ta zuwa ita kaɗai. Wanda ya ci amanar mai mota a kan jarkar mai, me zai hana shi cin amanar uwa a kan ɗanta?

Siminti suka ɗauko ranar. Auta ne a kan sitiyari. A doguwar gangara motar ta ƙwace, birki ya yi zafi ya daina kamawa, giya kuma ta ƙi komawa, don mota in ta ɗauki gudu ba ta karɓar giya. Ta bar hanya ta faɗa kwazazzabo. Daga ƙarƙashin buhuna aka zaro mini ɗana.

Shi Sarkin Gangara ya dira tun kafin motar ta bar hanya. Gwiwa kawai ya kurje.

Ya zo gaisuwa yana share hawaye. Ya ce wa maza shi barci yake yi a gadon baya, yaron ne ya cire giya da kansa, ya sha hana shi bai ji ba. Ina bayan labule ina ji. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce sun same shi zaune a gefen hanya, takalmi a ƙafa, jakarsa a kan cinya. Wane mai barci ne ke farkawa da takalmi a ɗaure da jaka a hannu? Na faɗa, aka ce in yi haƙuri, zafin rashi ne. Haka aka binne Auta da sunan yaro mai ganganci. Wannan ya fi mini ciwo fiye da ganin likkafani.

Mutumin ya samu wata motar. An ce daga ranar bai sake cire giya ba, tsoro ya kama shi. Amma ya manta yana da ɗa. Babban ɗansa tun yana ƙarami yake zama a gefensa a gaban mota, yana kallon hannun uba. Ba sai an ce masa komai ba. Da ya girma aka ba shi tasa motar, ya yi abin da ya taso yana gani. A wata gangarar daban motar ta ƙwace masa, shi kaɗai, ba wanda ya ce masa ya dira.

Tun da aka kawo wa uban gawar, hankalinsa bai koma daidai ba. Mai mota ya karɓe makulli. Yanzu a bakin tasha yake wuni, duk motar da za ta fita sai ya bi ta da gudu yana dukan ƙofa yana cewa, "Sa giya! Sa giya!"

Na je na gan shi da idona, don ban yarda ba. Na tsaya a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Inna, ni na ce ya cire. Ya ce mini yana jin tsoro, na ce ko kai mace ne?" Direbobi suna wurin, sun ji. Kawun ma yana wurin. Har yau ban sani ba ko hauka ne ya buɗe bakinsa ko kunya ce ta sa ya fake da hauka. Allah ne masani. Amma sunan ɗana ya wanku.

To, 'ya'yana, kafin ku duba mota ku duba wanda zai koya muku. Kada ku kalle shi a gaban mai mota, ku kalle shi a inda ba kowa sai ku da daji. In ya miƙo muku tiyo, ku ce bakinku na cin abinci ne. In kun iso kan gangara ku sa ƙaramar giya tun daga sama, ku bar inji ya yi ta kuka. In ya ce ku cire, ku taka birki ku tsaya, ku sauka ku ba shi motarsa. Gara ku dawo gida a ƙafa ana yi muku dariya. Ku kuma da kuke koyarwa, ku sani akwai idon da ke kallon hannunku ko ba ku yi magana ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye 'ya'yanmu da mugun ubangida, ya ji ƙan yaran nan biyu, nawa da nasa.

Bayan gidan da nake yanzu akwai 'yar gangara inda manyan motoci ke bi. Duk wadda na ji ta taho, ko tankaɗe nake yi sai na dakata in kasa kunne. In na ji inji yana gurnani har ta sauka, sai in ɗauki rariyata in ci gaba.