Dawar Tabawa da Hular Sarkin Noma

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa a Tudun Jambali duk wanda ya zama Sarkin Noma sai ya cire hula ya durƙusa gaban tsohuwa kafin a ba shi irin dawa.

A da ba haka abin yake ba. Iri a rumbun Sarkin Noma yake, kuma shi ke raba gonaki. Mai riƙe da sarautar a lokacin wani ne Barau, mai tumbi da ƙatuwar murya, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Yana da wata farar dawa da yake taƙama da ita kamar shi ya halicce ta.

Da ƙanensa ya rasu, matar marigayin, Tabawa, ta je da 'ya'yanta uku neman gonar mijinta ta kwari.

"Yaya, damina ta ƙarato. Ina za mu shuka?"

Barau ya yi hamma ya nuna jan tudu da leɓe. "Ga fili can, har ya yi miki yawa."

'Yan fadarsa suka bushe da dariya, don kowa ya san jan tudu. Ƙasarsa tsami gare ta, kuma akwai dafi a cikinta mai cin saiwar shuka. Iri ma bai ba ta nasa ba, sharar gindin rumbu ya sa aka tattara mata.

Tabawa ta shuka. Dawa ta fito, ta yi rawaya, ta bi ta mutu. Kara bakwai kaɗai suka tsaya. Ta zauna a kan kunyar gona ta yi kukanta, sannan ta tumɓuke matacciya guda ta duba. Saiwar gajeriya, kumburarriya, kamar an datse ta. Ta tona gefen mai rai, sai ga saiwa ta nutsa ta fi kamu guda.

Da kaka, babbar 'yarta Kande ta ɗauko turmi. "Inna, mu daka ko kunu mu samu."

"Mayar da turmin," in ji Tabawa. "Waɗannan ba na ci ba ne."

Rogo da tafasa suka ci shekarar nan, yaran suna kallon zangarniya bakwai rataye a ɗaka. Da damina ta dawo ta shuka su, fiye da rabi suka rayu. Ta sake ware masu ƙarfi. A shekara ta huɗu jan tudu ya yi kore shar.

Ana nan aka jera damina uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwa ya wanke gonakin kwari, tsami ya kama su, farar dawar Barau ta fara mutuwa, yunwa ta leƙo gari.

To, ku ji hikimar babban manomi. Ya ce ai tudun ne ya warke. Ya ƙwace shi, ya mayar wa Tabawa kwarin da ya lalace. Ya shuka farar dawarsa a tudu, ta mutu murus, ta Tabawa kuwa ta yi kyau a kwari. Sai ya ce sirrin a fartanyarta yake. Ya aika aka karɓo, ya yi noma har wuni biyu, abin da ya samu kanta ce a tafin hannu. Daga nan ya kai ƙara gun dagaci, wai asiri ta yi wa gonakin gari.

Tabawa ta zo da saiwa biyu a ƙwarya ta ajiye.

"Ranka ya daɗe, ga asirin. Wannan tasa ce, wannan tawa, ƙasa ɗaya suka fito. Tawa kakarta ta jure dafin, uwarta ta jure, ita ma ta gada. Abin a cikin ƙwayar yake."

Barau ya yi tsaki. "Dawa ce za ta yi gado? Ji maganar mata!"

"Ta yi, Yaya. Taka ma ta yi. Ta gaji girman kai, ba ta gaji saiwa ba."

Wannan karon 'yan fadar Barau ne suka fara yi masa dariya.

Dagaci ya ce, "Tabawa, gari na cikin yunwa. Za ki ba da iri?"

"Kowa zan ba shi. Amma daga yau a hannun mata zai zauna, mu muka san wadda ake warewa. Mai so ya zo ya roƙa, yadda na roƙa."

Barau ya rantse shi da roƙon mace har abada. Ya yi kwana tara yana cika baki. Rana ta goma, da iyalinsa suka sa masa akushi wayam a gaba, ya ɗauki ƙwarya ya tafi, yara na biye. Ya cire hula ya durƙusa. Tabawa ta bari sai da ta gama tankaɗenta kafin ta auna masa.

Shi ya sa har yau a Tudun Jambali dawar da ta fito daga zuriyar karan nan bakwai ce kaɗai ke jure jar ƙasa, kuma kowane Sarkin Noma, komai girman rawaninsa, sai gwiwarsa ta sha ƙura kafin ya shuka.