Mudu Biyu na Madugu Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wani gari ne Allah ya hore masa kaɗanya, amma ba su da gishiri. Sai ga Madugu Barmo daga ƙetaren kogi. Jiya-jiya jakinsa ɗaya, yau ayarinsa har ƙura yake tayarwa. Ya ce musaya ya zo yi, mudun kaɗanya a bakin mudun gishiri. Mai gari ya sallama.

Ashe mudu biyu gare shi. In zai karɓa, sai ya fito da mai kama da ƙwarya. In zai bayar, sai ya zaro ɗan mitsitsi.

Da shekara ta kewayo, sai ya dawo da sabulu mai ƙamshi. Mata suka yi ta rububi. Wata tsohuwa, Ladingo, ta sansana, ta ce ai kaɗanyarsu ce ta sha turare ta dawo gida.

A zuwa na uku sai ya ce itatuwan yake so gaba ɗaya, shi kuma ya gina musu gada. Mai gari ya buɗe baki zai sallama, sai Ladingo ta riga shi.

"Albarka, Madugu. Ba a sayar da uwa, sai dai 'ya'yanta."

Barmo ya yi fushi, ya kaɗa jakunansa. Mai gari ya ce ta ja musu miyar lami. Ta ce a yi haƙuri, a ƙasarsa kaɗanya ba ta tsiro.

Aka sha lami, yara suna kuka. Ran nan sai ga Barmo da sallama, tukwanen sabulunsa sun bushe.

Ladingo, wadda ta daɗe da gano dabararsa, ta sa ya ajiye mudun nan biyu a tabarma.

"Ɗana, zaɓi wanda ka fi so. Da shi za ka karɓa, da shi za ka bayar."

Ya kai hannu kan babban, ya tuna gishirinsa. Ya kai kan ƙaramin, ya tuna tukwanensa. Sai ya yi dariya, ya ɗauki babban.

"Iya, kin gama da ni."

"Saura gyara," in ji ta. "Ka koya wa 'ya'yanmu sabulun."

Ya koya musu. Ya ci riba, su ma suka ci, itatuwa kuma suna nan tsaye.

Ƙurunƙus kan kusu. Baƙo ba abin gudu ba ne, yarana, amma ku dubi mudunsa. Allah ma ya hana tauye awo. To, a yi addu'a a kwanta.