Idon Baba Tanimu Maƙerin Azurfa

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku.

A Zariya akwai wani maƙerin azurfa, Baba Tanimu, mai 'ya'ya uku. Hawan jinin ido ya kama shi bai sani ba, domin ciwon ba ya zafi, daga gefe yake cin gani a hankali.

Babbar 'yarsa Lantana ce ta lura. Ta ga yana karo da bakin ƙofa, kuma in ta ajiye masa tuwo ta hagu sai ya huce bai gani ba. Wata biyu tana roƙonsa kafin ya yarda aka auna idon. Aka ce na hagu ya kusa tafiya, na dama ne ya rage, kuma sai an yi masa tiyata.

Da jin tiyata Baba ya ce wuƙa ba za ta taɓa idonsa ba. Ɗansa Garzali, direban tirela, ya yi ta cigiya gari gari har ya samo wata likita mai yin ƙaramin aiki, wanda ake buɗe wa ruwan ido hanya ta 'yar kafa ƙarama. Ita kuwa ta ce aikin ba na kowa ba ne, sai ta tantance.

Ranar tantancewa likita ta tambayi Baba ko yana sa wani magani ban da na asibiti. Ya ce babu. Sai autarsa Kubra ta ciro wata kwalba daga jaka.

"Baba, ka yafe mini. Likita, shekara biyu yana ɗiga wannan na kasuwa."

Likita ta duba ta ce wannan maganin ne ke ƙara hawan, da an yi aikin a haka da ya tashi a banza. Ta hana shi maganin, ta jira wata guda, sannan ta yi wa idon dama aiki. Duk watan nan Baba bai amsa gaisuwar Kubra ba.

Abin da ya tafi bai dawo ba, amma idon dama ya tsaya. Baba ya koma maƙera, ya ƙera zobe guda, ya ce hannunsa ba zai iya na biyu ba. Ya tara su ukun, ya rasa wanda zai miƙa wa.

To jama'a, a hannun wa zoben nan ya kamata ya zauna?