Kurege da Nonon Gada

Na rantse ba za ku yarda ba, yara, amma an yi wani Kurege da ya fi kare iya haushi. Akwai wani tsohon tulu a bakin rafi. Sai ya cusa kai a ciki ya jira Gada ta zo kiwo da jaririyarta, ya ce, "Wau! Wau!"

Gada sai ta zabura ta auka cikin ƙaya, shi kuwa ya yi ta birgima don dariya.

"Duk dajin nan ni kaɗai ne ban san tsoro ba," in ji shi.

Kwana bakwai yana haka. Gada ta rame, nononta ya ƙi zuwa, jaririyar ta yi ta tsotso a banza.

Ran na takwas da Gada ta zabura, sai ƙafarta ta doki tulun. Ya gangara da kan Kurege maƙale a ciki, ya tsaya a taɓo. Kurege ba ya ganin komai, ga shi yana jin takun wani abu yana matsowa. Ƙirjinsa ya hau dukan tara-tara.

"Malam Kare, don Allah, ni duk ƙashi ne!"

Ashe Baba Kunkuru ne. Ya ja shi ta wutsiya ya fito da shi.

"A'a, jarumi, ina ka samo makyarkyata?"

"Sanyi ne, Baba."

"Da tsakar ranar nan? Zauna ka ji. A saman kowace ƙoda akwai ɗan nama kamar hula, cike da 'yan jakunkunan ruwan tsoro. In kunne ya ji haɗari, kai ya aika saƙo ta jijiya, jakunkunan su zazzage cikin jini. Zuciya ta buga, ƙafa ta yi ƙarfi, ciki ya tsaya, nono ya ƙi sauka. Don ranar gudu aka ajiye shi. Kai kuwa kullum sai ka zubar wa baiwar Allahn nan nata."

Gada ta matso da jaririyarta. Kurege ya dubi jaririyar. Ko kuka ba ta iya yi sosai.

"Inna Gada, ni wasa nake yi."

"Na sani, ɗan nan," in ji Gada. "Jikina ne bai sani ba."

Kunkuru ya yanke masa hukunci: ya hau suri ya yi wa Gada gadi har a yaye yarinya. Ko ganye ya motsa sai gabansa ya faɗi. Gada kuwa ta sunkuyar da kai ta ci ciyawa a tsanake. Ran na uku jaririyar ta ɗago baki fari fat da nono.

"Wa ya fi ni iya gadi?" in ji Kurege, a hankali, don kada Gada ta firgita.

Darasin wannan labari shi ne, jiki ba ya bambanta tsoron wasa da na gaske. Kafin ka tsorata wani don ka yi dariya, duba wanda yake jiran ci daga jikinsa.