Nomau da Fatar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka. Amma ta mugu muke so.

Kullum ta mugu. To, ku matso. Kai Cindo, sauke ƙafarka daga kan tabarmata.

An yi wani gari mai wata al'ada. Duk shekara in an gama girbi, sai a ɗauko tsohuwar fatar kura daga rumbun Sarkin Noma a sa wa mutum ɗaya. Ya yi gurnani, ya bi yara da gudu, a yi dariya. Kafin rana ta faɗi sai a kira shi da sunansa, ya tuɓe, a mayar da fata rumbu. In rana ta faɗi ba a kira shi ba, fata ta manne, ya zama kura har abada.

Wata shekara aka sa wa Nomau masaƙi. Shi mutum ne da ko kaza ta shiga masa zare, haƙuri yake ba ta. Ba mai kallonsa sau biyu. 'Yarsa ɗaya, Tabawa.

Da ya yi gurnani, gari ya ɗauka: "Kura ta iya, kura ta iya." Nomau bai taɓa jin an yi masa tafi ba. Sai fata ta raɗa masa a kunne, "Ƙara kaɗan. Suna so."

Ya cafke kazar Iya Delu mai daddawa, ya murɗe mata wuya. Iya Delu ta ce, "Wannan ba ya cikin wasa." Aka ce, "Haba Iya, kaza ce fa. Kura ta iya."

Fata ta ce, "Ƙara kaɗan. Suna so."

Ya hango akuyar Barmo, wanda ya taɓa ce wa saƙarsa tsumma a tsakiyar kasuwa. Ya karya mata ƙafa. Makaɗa suka ƙara kiɗa. Iya Delu ta ce, "Sarkin Noma, kira shi haka nan." Sarkin Noma yana share hawayen dariya ya ce, "Bari tukuna, rana da saura."

Fata ta ce, "Ƙara kaɗan. Suna so."

Sai ya fizgi jaririn Barmo daga hannun uwarsa, ya nufi bakin tsohuwar rijiya. Kiɗa ya tsaya. Rana ta yi ja. Mutane suka bi shi suna cewa, "Kura, sake shi. Kura, don Allah." Tun safe Kura suke cewa, sunan ya ɓace a bakin kowa, har Sarkin Noma.

Tabawa ta ratsa taro ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Baba."

Fata ta yi dariya. Ta ce, "Kowane gida da baba. Wanne?"

Kun san 'ya ba ta faɗar sunan ubanta. Tabawa tun da aka haife ta ba ta taɓa ba. Ta dubi rana, ta dubi jariri. Ta rufe fuska da gyale ta ce, "Nomau. Nomau masaƙi, ka zo mu tafi gida."

Fata ta zame ta faɗi ƙasa. Nomau ya miƙa wa uwa ɗanta. Ya ce, "Jama'a, fata ce ta sa ni."

Fata ta ce, "Buɗe bakina ka duba. Akwai haƙori? Ni magana kawai na yi. Hannun wa ya murɗe kaza? Haushin wa ya karya akuya?"

Nomau ya sunkuyar da kai.

Iya Delu ta juya ga taro ta ce, "Ku kuma, hannun wa ya yi tafi?" Kowa ya dubi hannunsa.

Nomau ya ɗaure ƙafar akuya da kansa, ya kai wa Iya Delu kaza, ya saƙa wa jariri zanen goyo. Barmo ya karɓa, ya juya shi ya ce, "Wannan dai ba tsumma ba ne."

Ba a ƙone fatar ba. Har yanzu ana wasan, ana dariya. Sai dai tun safe ake kiran mai fata da sunansa, kowa ya kira, don kada a manta.

To, kun ji. Ku so labarin mugu, ba laifi, ni ma ina so. Amma muguntar ba a fata take ba, a cikin mutum take, ni da ku. In kun ga ɗan'uwanku ya fara, kada ku yi masa tafi. Ku kira sunansa tun rana ba ta faɗi ba.

Cindo, na ga kana gurnani. Cindo nake kira.

Ƙurunƙus, kan kura ya koma rumbu. Ku tashi.