Layin Toka a Bakin Tashar Gashuwa

Ya Fanne, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru, ita ce ta fara ba ni wannan labari.

A lokacin matan unguwarmu sun ɗora mini zaɓen yarinya ɗaya da za a tura koyon aikin ungozoma. Jikata Rahima tana cikin masu nema, kuma kowa ya san ta fi sauran hannu da natsuwa. Ni kuwa na soke sunanta, don kada a ce tsohuwa ta yi son kai. Na zauna a rumfar Ya Fanne ina ba ta labari, har da ɗan alfaharina.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hajiya, kin yi irin ta Bobboi. Gyara zama ki ji."

To, 'ya'yana na wannan shafi, ku ma ku gyara zama.

Akwai wani mutum a Gashuwa ana kiransa Malam Bobboi. Bafulatani ne, iyayensa masu shanu. Tun yana saurayi yake taka keke tsakanin kasuwanni yana kai wa dillalai labarin dabbobi, har ƙafarsa ta yi ƙarfe, ya shiga tseren keke ya yi suna. Da girma ya zo, sai ya buɗe rumfar gyara yana faci yana ɗaura sarƙa.

Shekaru kaɗan bayan an yanke mana jihar Yobe, aka aiko cewa ana neman mutum ɗaya daga wannan yanki. Wanda aka zaɓa zai tafi sansanin da ake tace 'yan tseren da za su wakilci ƙasa. Mutum ɗaya tak. Kwamitin wasanni ya ce a yi tsere daga Nguru zuwa Gashuwa, Malam Bobboi ya zama alƙali, tunda babu wanda ya kai shi sanin keke.

Matasa goma sha biyu suka fito, amma kowa ya san gasar ta mutum biyu ce. Ɗaya Modu, ɗan Ya Fanne, wanda ya ƙware wajen kai kwandon kifinta kasuwar Jajimaji kafin rana ta yi zafi. Ɗayan kuma Alamin, ɗan farin Malam Bobboi, wanda yake horo a yashin hanyar Yusufari, inda mota ma take kafewa.

Kun san kunyar ɗan fari a wurin Fulani. Malam Bobboi bai taɓa kiran sunan Alamin ba. "Wancan" yake ce masa, ko "kai". Ko kekensa ya lalace, sai dai ya ajiye a bakin rumfa ya tafi, ya dawo ya tarar an gyara.

Tun kafin ranar tsere gari ya ɗauki magana. Masu shayi suna cewa, "Ai an gama. Uba alƙali, ɗa a kan keke, mu sai tafi." Wani dillali ya tsaya a rumfar ya ce, "Malam, mu fara taya ka murna tun yau ko mu jira?"

Maganar ta zauna wa Malam Bobboi a ƙirji.

Ranar tsere ya ɗebo toka ya ja layi a kan kwalta, daidai bakin tashar Gashuwa. Da hantsi aka hango su biyu sun baro kowa, kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye. Jama'a suka ɗauki ihu. Suka tsallake layin kamar tare. Amma tayar Alamin ce ta fara taɓa tokar, da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba.

Malam Bobboi ya gani sarai. Shi kaɗai ne a durƙushe a bakin layin.

Ya miƙe da takarda a hannunsa. Dole ya faɗi sunan wanda ya ci a gaban jama'a. Ga sunan da bakinsa bai taɓa furtawa ba, ga masu shayi sun zuba masa ido. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Modu na Nguru."

Aka yi ta tafi. Dillalin nan ya riƙe hannunsa yana cewa, "Kai, Malam, yau mun ga adalci!" Alamin ya sauka, ya tura kekensa gida a ƙasa.

Modu ya koma Nguru a bayan motar kifi, abokai suna ta waƙa. Ya Fanne ta kawo masa ruwa ya sha, ta lura ba ya haɗa ido da ita.

"Modu."

"Na'am, Iya."

"Ka ci, ko an ba ka?"

Ya ajiye kofin ruwan ya kau da kai.

"Ni fa kifi nake sayarwa," in ji ta. "Ko an shafe shi da mai, in ya kwana na san warinsa. Tambayarka nake."

Ya ce, "Iya, da muka zo layin, tayarsa na gani a gaban tawa. Amma alƙali ya riga ya faɗa. Ni na ce ya faɗa?"

"Ba kai ka ce ba. Amma kai za ka sa rigar 'yan tseren a sansani. Duk ranar da ka sa ta, za ka ji tana matse ka, don ba awonka ba ne. Ka yi tunani, ba zan tilasta ka ba."

Ya Fanne ta ce mini kwana biyu yana zagaya kekensa bai hau ba. A na uku ya taka har Gashuwa, ya tarar da 'yan kwamiti a rumfar Malam Bobboi suna shirin aika sunansa. Ya gaishe su, ya dubi Malam Bobboi ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ban ci tseren nan ba. Alamin ne ya riga ni, kuma kai ma ka gani."

Malam Bobboi ya ajiye famfon da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Idona ya gani. Bakina ne ya ƙi. Na ji tsoron bakin mutane fiye da tsoron Allah."

Aka kira Alamin aka ce to, gurbi nasa ne. Kun san abin da ya ce?

"Ba na so a haka. In na karɓa yau, gobe za a ce an zauna a rumfar babana an juya magana. Ni ma zan rasa bakin kare kaina. A sake tseren. Amma ina roƙo, da girman Allah, Baffa ya sauka daga alƙalanci."

Wani ɗan kwamiti ya ce, "Kai yaro, ubanka kake cewa ya sauka?"

Malam Bobboi ya ɗaga hannu. "Ku bar shi. Wancan ya fi ni gaskiya. Tun ranar da na ga sunansa a takarda ya kamata in ce ku nemi wani. Na ɗauka zan iya riƙe uba a hannu ɗaya, alƙali a ɗaya."

Aka ɗauko alƙalai uku daga Yusufari da Karasuwa, waɗanda ba su da ɗa ko ƙane a cikin masu tsere. Bayan mako biyu aka sake jan layin toka a wuri ɗaya. Malam Bobboi ya tsaya cikin jama'a kamar kowa, babu takarda a hannunsa.

Wannan karon ma su biyun ne a gaba. Daga Jajimaji har ƙofar gari babu wanda ya saki wani. Amma a taku na ƙarshe Modu ya miƙe tsaye a kan feda, ya wuce da tsawon keke guda. Kowa ya gani. Babu gardama.

Modu ya ci, ci na halal. Alamin kuwa ya rasa gurbin da ya riga ya ci da ƙafarsa mako biyu da suka wuce. Kada ku ce abin ya ƙare lafiya lau, domin bai ƙare haka ba. Kunyar uba ce ta cinye wa ɗa shekara biyu.

Malam Bobboi ya san haka. Ya ratsa jama'a ya isa inda Alamin yake haki a kan sirdi. Ya kama kan keken da hannu biyu, a gaban masu shayi da dillalai, ya ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Bai kira sunan ba, har a nan. Amma Alamin ya ce, "Na yafe, Baffa. Giyar kekena tana tsalle in na hau tudu, a duba mini. Jibi zan koma yashi."

Ya koma kuwa. Shekara biyu yana taka hanyar Yusufari, ubansa yana gyara keke, ba ya zuwa ko kusa da teburin alƙalai. A shekara ta biyun aka sake neman mutum, Alamin ya ci gurbinsa da tazarar da ko makaho ba zai musa ba. Da ya isa sansani, Modu ne ya tarbe shi a ƙofa ya ɗaukar masa jaka.

Da Ya Fanne ta kai nan, sai ta ci gaba da jera kifinta ta ce, "Yanzu ke faɗa mini, Rahima laifin me ta yi, ban da zama jikarki?"

Na tashi na kama hanyar gida. Ko kifin da na je saye ban tuna ba.

Washegari da safe, ko kunu ban sha ba, na yafa mayafi na tafi gidan Suwaibatu, mataimakiyata a ƙungiyar mata. Na miƙa mata takardar na ce, "Ki mayar da sunan Rahima inda na soke. Ki nemi mata uku da ba su da 'ya ko jika a ciki, su gwada yaran su zaɓa. Ni na cire hannuna. In ta ci, kada ku gode mini. In ta faɗi, kada ku ba ni haƙuri." Na juya na dawo gida na ɗora tukunya.

Darasi: In naka yana cikin masu nema, ka tashi daga kujerar alƙali. In ka zauna, ko dai ka fifita shi ka cuci ɗan wani, ko ka danne shi don a yabe ka ka cuci naka, kuma duka biyun zalunci ne. Wanda aka bai wa abin da ba nasa ba, ya yi irin ta Modu ya mayar. Ku tura wa duk wanda kuka san an damƙa masa zaɓen mutane, ko a filin wasa ne ko a unguwa.