Takardar Murna a Gidan Makoki

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake jinkirta wa bawa, yake kuma farkar da wanda ya so tun ƙasa ba ta rufe masa ido ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Ya 'yan uwa, a ƙasar nan tamu ta Kabo an yi wani mutum, haifaffen Dugabau. Zan sakaya sunansa, ko da yake shi da bakinsa ya yarje mini in ba da labarinsa.

Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara bakwai. Wanda ya tsaya masa shi ne Malam Sharfaddeen, mai karantarwa a zauren gidansa a nan Dugabau. A gabansa ya sauke Alƙur'ani, aka yi masa allon zayyana, aka yanka rago. Matar Malam, Inna Hajaratu, ba ta taɓa raba kwanonsa da na 'ya'yanta ba. Da lokacin shiga sakandare ya yi, Malam ne ya goya shi a bayan keke har Gwarzo, ya tsaya cikin rana har aka kira sunansa.

Allah ya buɗa masa. Ya sami aikin banki, ya fara a Gwarzo, aka mai da shi Kano, har ya zama manaja. Ku shaida, ba a taɓa kama shi da cin amana ba, ba ya kuma wasa da salla. Da mutanen yankin suka rasa wanda zai wakilce su a majalisar dokokin jiha, shi suka je suka roƙa ya ajiye aiki. Ranar zaɓe har tsofaffi masu dogara sanda sun fito sun bi layi dominsa.

To, ta ina ɓarnar ta shigo?

Aikin banki ya koya masa tsari da tattalin lokaci. A can, abin da takarda za ta iya yi, mutum ba ya tashi ya yi shi da ƙafarsa. Ɗabi'a ce mai kyau a ofis. Shi kuwa sai ya ɗauko ta ya shigo da ita cikin zumunci. Ya duba ya ga babu makon da za a yi ba suna, ba ɗaurin aure, ba rasuwa a mazaɓarsa. Sai ya sa aka buga masa takardu iri biyu masu tambarin ofishinsa, ɗaya ta taya murna, ɗaya ta ta'aziyya. Kowace Litinin yakan zauna ya rattaba hannu a kan tulinsu, wurin suna a buɗe. In wani abu ya faru, sakatarensa ya cike suna, direba ya kai.

Ku dubi wannan al'amari, bayin Allah. Mutum ya sa hannu a kan ta'aziyyar wanda bai riga ya mutu ba!

Shi alfahari ma yake yi da tsarin. Yakan ce babu gidan da saƙonsa bai isa ba. Mu kuwa mun sani, wanda aka yi wa rasuwa ba takarda yake jira ba. Jira yake ka tuɓe takalmi, ka zauna a tabarma, ka ce masa ya haƙuri, a ɗaga hannu tare a yi wa mamaci addu'a.

Ana nan sai Malam Sharfaddeen ya kwanta ciwo. Ya aiki babban ɗansa, Sabi'u, ya kira masa mutumin nan. Aka ce majalisa tana zama. Ya sake aikawa. Wannan karon mutumin ya turo motarsa aka kai Malam asibiti, ya ga a ransa ya sauke nauyi. Malam ya ce, "Ku gaya masa na gode da motar, Allah ya yi masa albarka. Amma fuskarsa nake son gani." A aike na uku mutumin ya ce yana nan tafe ranar Asabar, in Allah ya yarda.

Malam ya cika ranar Alhamis bayan azahar.

Labarin ya same shi yana Abuja wurin taro. Ya yi kuka na gaskiya, domin yana son Malam. Amma hannunsa ya riga ya saba. Ya ɗaga waya ya ce da sakatare, "A aika Dugabau, kada a kwana. In na dawo zan je." Sakatare cikin gaggawa ya zari takarda, ya cike suna, ya liƙe.

Washegari ƙofar gidan Malam ta cika maƙil. Malamai daga Kabo da Gwarzo, almajiransa na dā da suka zama dattawa, duk suna kan tabarmi. Direba ya miƙa saƙo. Aka ce na Honorabul ne, ɗan gida, a karanta kowa ya ji. Mai sanarwa ya ɗauki lasifika, bakinsa ya riga hankalinsa, ya karanta: "Ina taya ku murna da wannan abin farin ciki da ya same ku. Allah ya maimaita mana."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Sabi'u ya tashi ya karɓi takardar, ya ga sa hannun da ya sani, ya ninke ta ya mayar wa direba.

Ya 'yan uwa, kuskuren takarda ba shi ne ya kayar da mutumin nan ba. Kowa yana kuskure. Abin da ya biyo baya ne. Da ya ji abin da ya faru, kunya ta rufe shi, girman kai ya hau kan kunyar ya zauna. Ya kori sakatare. Ya sake rubuta wata takardar, ta ban haƙuri. Matarsa, Hajiya Naja'atu, ta ce masa, "Alhaji, don Allah ka tashi ka je. Ko zaginka za su yi, ka je a zage ka a kan tabarmar Malam." Ya ce, "Bari abin ya lafa tukuna." Aka yi bakwai, aka yi arba'in, shekara ta zagayo. Kullum hanyar Dugabau ƙara yi masa nisa take.

Da zaɓe ya sake zuwa, ya shiga kasuwar Kabo neman ƙuri'a. Yana cikin jawabi sai wani mahauci ya ɗaga wuƙarsa sama ya ce, "Honorabul! Allah ya maimaita mana!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Daga ranar "Allah ya maimaita" ya zama sunansa. Dattawa ba su zage shi ba. Sukan gaishe shi har da tambayar iyali da gajiya, su wuce. Ranar zaɓe suka zauna a gida. Ya faɗi, har a akwatin ƙofar gidan da aka haife shi.

Masu cika masa falo suka watse. Bai yi wata shida ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun nan da yake sa hannu da shi ya daina riƙe ko cokali. Yana kwance a gidansa na Kano yana sauraron ƙofa, babu mai sallama. Sai dai waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Wata rana ya lura abokan aikinsa uku sun turo masa kalmomi iri ɗaya sak, ɗayansu ma bai goge sunan wanda aka fara tura wa ba. Ya juya fuskarsa bango, hawaye suna zuba. Ranar ya san abin da ya shekara huɗu yana aika wa mutane.

Wata Laraba da hantsi ya ji sallamar tsohuwa. Inna Hajaratu ce, ta biyo motar haya tun daga Dugabau, Sabi'u yana riƙe da ita, da ƙwaryar fura a ƙunshe. Ya so ya tashi ya durƙusa, jiki ya ƙi.

Ta ce, "Kwanta abinka, ɗan nan. Ya jiki? Ka ga yadda ka rame, ashe manya ma suna ramewa."

Ya ce da ƙyar, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Takardar? Ai ni ban iya karatun boko ba, ba ni ta zaga ba. Rashin zuwanka ne ya yi mini ciwo. Kiran da Malam ya yi ta yi maka, allon saukarka yake son ya danƙa maka, shekara arba'in yana rataye a ɗakinsa. Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare ya ce in ajiye, in ba ka ranar da ka zo da ƙafarka. Ni dubiya na zo, ban kawo shi ba. Yana can yana jiranka."

Ya 'yan uwa, wata bakwai ya yi yana koyon tafiya kamar yaro, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa masallacin unguwa. Ranar da ya ji zai iya, aka ɗauko shi a mota. Da suka iso bakin gari ya ce a tsaya. Ya sauka da sandarsa, yana jan ƙafa, mutane suna kallo, har ƙofar gidan Malam. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Sabi'u ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Sabi'u ya amsa masa kamar jiya aka yi rasuwar. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, sannan Inna ta aiko da allon daga cikin gida.

Kujerar ba ta dawo ba, hannun ma bai warware duka ba. Amma ya koma Dugabau da zama, kuma yau ba a jana'iza a yankin nan ba ku gan shi a sahu da sandarsa ba. Ya ce da ni, "Malam, kullum ina gode wa Allah da ya karɓe kujerar nan. Da ya bar mini ita, da har na mutu ina aika takarda."

To, mu fa? Wa ya aiko kiranmu muka ce sai Asabar? Wane malami, wace uwa, wane maƙwabci muka sallama da saƙon waya alhali ƙafafunmu lafiya lau? Haƙƙin da Musulmi yake da shi a kanka, na dubiya da rakiyar gawa da amsa kira, da jikinka ake sauke shi. Mutumin nan Allah ya yi masa rahama, ya ba shi tsohuwar da ta je ta taso shi. Ba kowa ake yi wa wannan gatan ba.

Allah mun gode maka da ƙafafun da ka ba mu, da mutanen da suka ɗauki nauyinmu muna ƙanana. Ka jiƙan malamanmu da iyayenmu. Allah ya kiyaye mu daga girman kan da yake hana bawa zama a tabarma, ya sa mu amsa kira tun mai kiran yana da rai. Amin.